Yadda Ake Kai Iyali Shan Iska Bakin Tafki Daga Birnin Kano, Mataki-Mataki

Duk sanda Sallah ta ƙarato ko aka ba yara hutun makaranta, tambayar nan sai ta dawo: ina mutum zai kai iyalinsa su ga ruwa, su hau kwale-kwale, kuma me ake tanada? Yawancin masu tambayar sun gaji da Gidan Zoo da zagayen manyan kantuna, suna son wurin da ido zai miƙe. Ga yadda ake yi, daga zaɓen wuri har abin da za a sa wa ido bayan an dawo gida. Abu guda za a riƙe tun daga nan: ruwan nan kallonsa za a je yi, a hau shi idan hali ya yi, ba shigarsa ba. Sauran matakan duk a kan wannan aka ɗora su.

1. Zaɓen wuri

Birnin Kano ba shi da tafkin shaƙatawa irin na Jabi da ke Abuja, inda mutum zai fito daga kanti ya tarar da ruwa a gabansa. Abin da muke da shi a cikin gari kududdufai ne, ramukan da aka haƙi ƙasar gini a da, ruwan sama da na kwatami suka cike su. Waɗannan ba wurin zuwa ba ne ko kaɗan, kuma daga cikinsu ne 'yan kwana-kwana suke yawan tsamo yara duk damina. Saboda haka fita za a yi bayan gari.

Mafi kusa shi ne ɓangaren Minjibir, arewa maso gabas da birni, inda dam ɗin Wasai yake, kuma akwai wurin shaƙatawa na kuɗi mai katanga da masu gadi a bakin ruwa. Sai Tiga, kimanin kilomita 70 kudu da Kano, ana bin titin Zariya a wuce Kura. An gina shi tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma shi ne ruwan da in ka tsaya a bakinsa ba ka hango ƙarshensa da kyau ba. A hanyar ne Bagauda yake, sai dai tsohon otal ɗin bakin tafkin ya zama makarantar horar da lauyoyi, ba wurin da za a kutsa da tabarma ba ne sai da izini. Akwai Challawa a Ƙaraye, wanda aka kammala a 1992, ya fi Tiga nisa. Akwai kuma Watari a Bagwai.

A ganina, wanda bai taɓa zuwa ba kuma yana da ƙananan yara ya fara da wuri mai ƙofa da masu kula, ko da zai biya kuɗin shiga. Tiga da Challawa a bar su sai yara sun tasa, ko a je manya zalla a gano wurin tukuna.

Hattara: ruwan Wasai daga kogin Jakara yake zuwa, wanda ya ratsa birni ya kwashi dattinsa, ga rafin Getsi da ke ɗauko ruwan masana'antun Bompai. Kyan da ruwan ya yi a ido bai wanke shi ba. Kada a sha, kada a wanke 'ya'yan itace da shi, kada a yi alwala da shi.

2. Rana da lokaci

Lokacin da ya fi daɗi shi ne kaka, daga Oktoba zuwa farkon Disamba: dam ya cika, ciyawa ba ta gama bushewa ba, hadari ya janye, sanyi bai kankama ba. Tsakiyar hunturu hazo yana rufe ruwan, iska kuma tana kaɗawa, yara sai su dawo da mura. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan kai digiri 40, ruwa ya ja baya ya bar taɓo mai faɗi a gaɓa. Agusta kuwa hadari ba ya sallama.

A guji ranar Sallah da washegarinta idan ana son hawa kwale-kwale cikin natsuwa, domin a ranakun ne ake lodin da ya wuce ƙima. Ranar aiki ta fi, sai Asabar da safe. A bar gida tsakanin ƙarfe 7:30 da 8, a tashi daga bakin ruwa da an idar da La'asar, magariba ta same ku a gida.

3. Mota da lissafin kuɗi

Kuɗin tafiyar kashi biyar ne: mai ko kuɗin mota, kuɗin shiga, kuɗin kwale-kwale, abinci da ruwa, sai na ko-ta-kwana. Kuɗin shiga da na jirgi suna tashi lokacin bukukuwa, don haka a nemi farashin ranar daga wanda ya je kwanan nan, ko a kira wurin kafin a fita. A tambaya har da waɗannan: ana karɓar kuɗin yara daban? Ana biyan na ajiye mota? An yarda a shiga da abincin gida? Wannan ta ƙarshe ita ce ke yawan jawo cacar baki a bakin ƙofa, bayan uwargida ta kwana tana suya.

Lissafin mai ba shi da wuya. Tiga zuwa da dawowa kilomita 140 ne. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha lita 14. A ƙara na esi da cunkoson fita gari, a zuba lita 20 tun daga cikin birni. A duba safaya da iskarta, jak, sifana, ruwan lagireto, baƙin mai da takardun mota tun jajiberi, ba da safen tafiya ba.

Wanda ba shi da mota, shata ta fi masa. A yi ciniki da direban bas kan zuwa, jira da dawowa, a faɗi ƙarfe nawa za a taso, a ba shi rabin kuɗin, sauran sai an dawo. Motar haya daga tashar Unguwa Uku tana kai mutum garuruwan da ke kan titin Zariya, amma daga bakin titi zuwa bakin ruwa sai an sake neman abin hawa, kuma da yamma samunsa aiki ne.

Bayan an haɗa jimilla, a ɗora kashi ɗaya cikin uku a kai. A riƙe shi tsaba, da canji ƙanana. Sabis yana ɗaukewa a bakin ruwa, tiransifa ta maƙale, mai kwale-kwale kuma ba ruwansa da "an cire min a nan".

4. Kayan da za a ɗauka

Ruwa ne kan gaba, kuma iri biyu ne. Na sha: babba yana buƙatar lita 2 zuwa 3 a wunin zafi. Ledar fiyawata ɗaya rabin lita ce, jaka mai guda 20 lita 10 ke nan, to mutum takwas su ɗauki jaka biyu, da zafi uku. Na alwala da wanke hannu: jarka mai lita 20 ko 25 cike daga gida, da buta biyu. Wannan jarkar ita ce ke hana mutane zuwa gaɓa "ɗebo ɗan ruwan alwala", wanda a nan ake yawan zamewa.

Sai jarka ta biyu, babu komai a ciki, murfinta a ɗaure tam, an ɗaura mata igiya mai tsawon mita 10 zuwa 15 a mariƙi. Za a ga amfaninta a mataki na 9. Ba ta da tsada, kuma tana iya riƙe babban mutum a saman ruwa.

Abinci a zaɓi mai jure wuni: gurasa, dambun nama, soyayyiyar kaza da ta soyu ƙwarai, kilishi, cincin, dabino, lemo, kankana da ba a yanka ba. Shinkafa ko taliya a zuba su da zafinsu a kula, a ci da azahar, kada a ajiye ragowa don yamma. Abincin da aka buɗe a fili kada ya wuce awa biyu, da zafin bazara awa ɗaya. Haɗin salak mai bama da ƙwai a bar shi a gida. Kunun aya in ba a cikin ƙanƙara yake ba kafin azahar ya juya, zoɓo ya fi shi haƙuri.

Ƙaramar jakar magani: filasta, bandeji, aidin, farasitamol na manya da na yara, ƙullin ORS (garin gishiri da sukari da ake jiƙawa a sha idan jiki ya rasa ruwa), da maganin duk wani mai asma ko ciwon suga a cikin tawaga. Idan babu ORS, ana haɗawa da lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Sauran su ne tabarma da darduma, tawul, kayan canji na kowane yaro, sabulu, usur, tocila, fawa bank, da manyan ledoji na kwashe shara. Yara a sa musu kaya masu ɗaukar ido, ja ko ruwan ɗorawa ko ruwan lemo. Shuɗi da toka-toka suna sajewa da ruwa. Takalmi mai maɗauri ya fi silifa, saboda ƙaya da fasassun kwalabe, kuma silifa ce ke zamewa cikin ruwa yaro ya bi ta.

5. Rabon tsaron yara, tun kafin a bar gida

Wannan matakin ne ake tsallakewa, kuma shi ya fi kowanne muhimmanci. Idan manya shida suna zaune, kowa yana ɗauka wani ne ke kallon yaran. Baba yana zaton suna wajen Mama, Mama tana zaton Yaya ta tafi da su, Yaya tana ɗaukar hoto. Yaron da ke nutsewa kuma ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu yana kira. Bakinsa yana shiga ruwa yana fita, numfashi kawai yake nema, cikin ƙasa da minti ɗaya an daina ganinsa.

To a raba da suna. Kowane babba yara biyu idan ba su kai shekara bakwai ba, kuma a faɗa a gaban kowa: "Gwaggo, Ummi da Abba naki ne. Kawu, kai ne da Walid." Yaron da bai kai shekara biyar ba, in dai ana kusa da ruwa, kada ya fi nisan miƙa hannu. Bayan wannan a naɗa mai gadi guda, wanda ba ya cin abinci, ba ya duba waya, ba ya hira, idonsa na kan gaɓa. A rataya masa usur a wuya, bayan minti 20 ya cire ya rataya wa wani. Wanda usur ke wuyansa shi ne mai aiki, babu gardama. Lokacin sallah a yi kashi biyu, kada kowa ya tayar a tare a bar yara.

Kada a ɗora wa 'yar shekara goma tsaron ƙannenta a bakin ruwa. A gida tana iyawa, a nan idan ƙanin ya faɗa bin sa za ta yi.

A ƙirga yara lokacin shiga mota, lokacin sauka, kafin cin abinci, bayan saukowa daga jirgi, da kafin tashi. A sa wa kowane yaro takarda mai lambar wayar mahaifinsa a aljihu.

6. Idan an isa

Kada a sauke kaya nan take. Maigida ya fara zuwa ya yi sallama da masu wurin. A wurin shaƙatawa ma'aikata ne, a buɗaɗɗen dam kuwa masunta ne da masu fito, wani wurin har da Sarkin Ruwa. A gaisa, a tambaye su ina ne rami, ina ne taɓo, ina aka hana zuwa. Su suka san inda ƙasa ke yankewa farat ɗaya, abin da ido ba ya gani daga sama.

A yi shimfiɗa a inuwa, aƙalla taku 30 daga ruwa, a inda ake hango gaɓa ba tare da wani daji ya tare ba. A duba ƙasa saboda tururuwa da cinnaku, a duba sama saboda zuma. A nisanci duhuwar ciyawar bakin ruwa, mafakar macizai ce da sauro. A ja layi a ƙasa da sanda a nuna wa yara: ba mai tsallake nan sai da babba. Mota a ajiye ta a busasshiyar ƙasa mai tauri, gabanta na kallon hanyar fita. Gaɓar da ta bushe a sama sau da yawa laka ce a ƙasa, taya na hawa sai ta lume.

Hattara: jikin dam ɗin kansa, wato ganuwar, ƙofofin sakin ruwa da inda ruwa ke kwarara in ya cika, ba wurin wasa ba ne, kuma ba ko'ina ake barin ɗaukar hoto ba. Tiga yana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, a nemi izinin ma'aikata kafin a matsa. Haka manyan hanyoyin ruwan noman rani da suka nufi Kadawa da Kura. Ba su da faɗi, shi ya sa ake raina su, amma ruwansu na gudu, gefensu siminti ne mai gansakuka, wanda ya zame ba shi da abin kamawa.

7. Hawa kwale-kwale

A fara da ciniki, kuma a gama shi a tudu. Kuɗin na kowane kai ne ko na jirgin gaba ɗaya? Minti nawa? Har ina za a kai? Za a ƙara wasu fasinjoji? In da hali a ɗauki jirgin shata, iyali kaɗai, domin shi ne kawai hanyar da za ka iya hana lodi. Zagayen minti 15 zuwa 20 kusa da gaɓa ya ishi yara.

Sai duba jirgin. A leƙa cikinsa: ɗan ruwa a ƙasa ba komai ba ne a jirgin katako, amma in ana ganin yana tsattsafowa ta tsakanin katakai, ko yaron jirgi bai daina kwarfa ba, a haƙura. A tabbata akwai abin kwarfar, akwai filafili ko da jirgin mai inji ne, saboda inji yana mutuwa a tsakiyar ruwa. A ƙirga wuraren zama, yawan mutane kada ya wuce su. Bayan kowa ya zauna a dubi gefen jirgin: tsakanin bakinsa da ruwa ya kai aƙalla taƙi ɗaya, in ya fi haka ya fi kyau. Idan yatsu huɗu ne kawai suka rage, a sauka, ko an riga an biya.

Ba tsoratarwa ba ce. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai ya kife a ruwan Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, kuma lodi fiye da ƙima aka ɗora wa alhakin.

Rigar kariya, wato rigar da ke hana mutum nutsewa, dole ce ga kowa, har wanda ya ce ya iya ruwa. Hukumar NIWA mai kula da sufurin ruwa ta wajabta ta, ta kuma hana tafiyar dare. Inda babu riga, babu hawa. Amma sa ta kawai bai wadatar ba, sai ta zauna a jiki. A ɗaure duk maɗauranta, sannan a kama kafaɗun rigar a ja sama: in ta haura har kunnen yaro, ta yi masa yawa, a cikin ruwa zai zame ta ƙasa ya bar ta tana yawo. A matsa ta da hannu a ji, wadda soson cikinta ya mutu ko ɗinkinta ya farke a mayar. Jariri da yaron da babu rigar da ta yi daidai da shi su zauna a tudu da mai kula da su.

Sutura ma abin dubawa ce. Babbar riga, zurmemen hijabi da lafaya in suka sha ruwa nauyi suke yi, su nannaɗe ƙafa da hannu. Maigida ya tuɓe babbar riga ya bari a mota. Mata su sa hijabi madaidaici da wando a ciki, a tattare shi, rigar kariya ta hau samansa a ɗaure. A jirgi mai inji a kula kada bakin mayafi ya yi lilo kusa da farfela. Kada a hau da goyo a baya.

Shiga ɗaya bayan ɗaya, a sunkuye, a taka tsakiyar jirgi ba gefensa ba. Masu nauyi a tsakiya, a raba su dama da hagu, kowane yaro kusa da babbansa. Da an tashi, ba mai miƙewa, ba canjin wuri, ba leƙawa a taɓa ruwa. Abin da ya fi kifar da ƙaramin jirgi shi ne kowa ya karkata gefe guda lokaci ɗaya, don ganin kifi ko don shiga hoto. Mai son hoto ya ɗauka a zaune. In wani abu ya faɗa ruwa, waya ce ko hula, a bar shi.

A hau da safe. Da rana ta karkata iska takan tashi, ruwa ya fara tunkuɗa. Idan aka ga hadari ya haɗo, ko aka ji tsawa ko daga nesa, a ce wa mai jirgi ya juya, kuma kada a koma sai an yi minti 30 ba a ji wata ba. A fake a cikin mota, ba ƙarƙashin bishiya ba. A kuma roƙi mai inji ya rage gudu, domin dam-dam ɗin nan cike suke da kututturen itatuwan da ruwa ya shanye.

Idan ƙaddara ta sa jirgi ya kife, a riƙe jikinsa. Jirgin katako yawanci ba ya nutsewa gaba ɗaya, kuma masu ceto sun fi saurin hango shi a kan kan mutum guda. Gaɓa tana yi wa ido kusa fiye da yadda take.

8. Maganar shiga ruwa

Yara za su roƙa, samari za su ce iya gwiwa kawai. Amsar a'a ce, saboda dalili biyu.

Na farko zurfi. Ƙasan dam ba shimfiɗe yake ba, tsohon kwari ne da gonaki da ramuka ruwa ya rufe. Taku ɗaya ruwa na gwiwa, na gaba ya shanye mutum, ga laka mai riƙe ƙafa, ga tsofaffin komar masunta. Wanda ya koyi iyo a wurin wanka na otal bai san wannan ruwan ba.

Na biyu tsargiya, wato cutar fitsarin jini. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar gaɓa, ta fito cikin ruwa, ta huda lafiyayyar fata ta shiga. Ba sai an sha ba, ba sai da rauni ba, kuma a ruwa marar zurfi na bakin gaɓa ta fi yawa, daidai inda ake cewa "bari su ɗan taka". Ruwan dam da na hanyoyin noman rani matattararta ne.

Wanda ya jiƙe bisa kuskure a goge shi da tawul nan take da ƙarfi, a wanke da sabulu da ruwan jarka, a canja masa kaya. Wannan ragewa yake yi, ba ya ba da tabbaci, don haka a rubuta ranar.

9. Idan wani ya faɗa

A busa usur, a yi ihu, a kira masunta. Kada wanda bai ƙware ba ya yi tsalle ya bi shi. Mai nutsewa yana ƙanƙame duk abin da ya samu ya danna ƙasa, shi ya sa ake yawan rasa biyu maimakon ɗaya.

In yana kusa, a kwanta rub da ciki a gaɓa a miƙa masa gora, reshe, rawani ko mayafi, wani ya riƙe ƙafar mai miƙawar. In ya yi nisa a jefa masa jarkar nan mai igiya, a jefa ta ta wuce shi kaɗan sannan a jawo ta ta same shi.

Bayan an fito da shi a kwantar da shi rigingine a duba numfashi na daƙiƙa 10. Idan yana numfashi a juya shi gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. Idan ba ya yi, a ɗaga haɓarsa, a toshe hanci, a hura masa iska a baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 da sauri, kamar sau 100 zuwa 120 a minti, a hura sau 2, a ci gaba da 30 da 2 har ya farfaɗo ko a miƙa shi ga ma'aikatan lafiya. Ƙaramin yaro da hannu ɗaya ake danna masa, jariri da yatsu biyu. Wani kuma ya kira 112 yana shirya mota.

Kuskuren da aka saba: danna ciki ko ɗaga yaro a zazzage shi kai ƙasa wai ruwa ya fito. Ɓata lokaci ne, kuma yana turo abin da ke ciki ya shiga huhu. Iska yake buƙata. Ko ya miƙe ya ce ya warke a kai shi asibiti mafi kusa, domin numfashi kan iya rikicewa bayan wasu awanni. Masu dawowa daga Tiga, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan titin Zariya.

10. Sayen kifi da tashi

Masunta sukan fito da karfasa da tarwaɗa. A ɗaga marfin da ke gefen kan kifin, ciki ya zama ja wur, ido garau, in an danna tsoka ta dawo. Tarwaɗa a saye ta da rai. A sa a fafe cikin a wurin, a zuba shi cikin kula mai ƙanƙara, kada a jefa a but cikin leda a yi tafiyar awa guda da zafi. A saya dab da tashi.

A fara naɗe kaya rabin awa kafin lokaci, mai usur yana bakin aikinsa, domin lokacin da manya suka duƙufa kan kwashe kwanuka ne yaro ke sulalewa ya koma yi wa ruwa kallon ƙarshe. A tsince ledojin fiyawata da robobi a taho da su. In an hura gawayi a kashe da ruwa, da rani ciyawa ba ta da wuyar kamawa. A sallami waɗanda suka nuna muku wuri, a ƙirga yara a cikin mota kafin a tayar.

11. Bayan an dawo

Duk wanda ruwan ya taɓa a sa masa ido. Ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje a ranar farko ko ta biyu, zazzaɓi, tari ko ciwon ciki bayan mako 2 zuwa 8, ko jini a ƙarshen fitsari bayan wata biyu zuwa uku, duk a je asibiti a faɗa wa likita cewa an shiga ruwan dam, a faɗi ranar. A tambayi yara maza kai tsaye, domin sukan ga jinin su ɓoye. Maganin tsargiya praziquantel ne, ana auna shi da nauyin jiki, kuma ba ya kashe tsutsar tun tana ƙarama, shi ya sa shan sa washegarin tafiya ba shi da amfani, likitoci kan jira mako 6 zuwa 8. Zazzaɓin da ya zo cikin mako biyu kuwa a fara da gwajin maleriya, musamman idan an kai yamma a bakin ruwa sauro ya samu rabonsa.